Garkar Mirriya da Gonakin Idoniya

Laraba, 14 ga Maris 2012

Hamdiya ta kawo mini wannan kaye, littafin rubutu, da alƙalamin bik, wai lokotoron asibiti ya ce rubutu yana rage nauyin zuciya. Ni ban ji nauyi ba. Ban ji komai ba.

Malam ya rasu ƙarshen watan jiya, a asibitin da muka baro Damagaram dominsa. Nan Lyon aka rufe shi, gefen musulmi, cikin sanyi. Limamin unguwa ya ce in yi takaba inda mutuwar ta same ni, tunda nan muke zaune tun bara. To ga ni a Rillieux, gidan ɗiyata, can sama inda sai da asansar, na'urar hawa bene. Taga tana kallon wurin ajiye motoci.

Asabar, 17 ga Maris

Bangon ɗakin da nake kwana duk takardu ne manne. Sunaye, da layuka daga wannan suna zuwa wancan, da taswira mai ɗigo ja. Wata huɗu muna nan ban tambaya ba, hankalina yana asibiti. Yau na tambaya.

Wai dangin wata mata ce, Idoniya, 'yar manyan masu ƙasa a Ingila, ta mutu sama da shekara ɗari bakwai. Ɗigon ja gonakinta ne da dazuzzukanta. A kanta Hamdiya take rubuta littafin digirinta na dakta. Ba musulma ba, ba danginmu ba. Yarinya ta wuce talatin, ba miji, ta zauna tana lissafa mazan matacciya.

Na ce, ke da ko sunan kakar uwarki ba ki sani ba. Ta ce ta sani mana, Zainabu. Fatsima ce. Ban gyara mata ba.

Talata, 20 ga Maris

Ruwa tun safe. Na ci abinci don an ajiye a gabana.

Jumma'a, 23 ga Maris

Ɗana Salihu ya kira bayan masallaci, kamar kowace Jumma'a. Shi dai Allah ya yi masa albarka. Yana buro, aikin ofis, a Aubervilliers ta gefen Paris, wurin masu shigo da kaya daga Sin, bai bar salla ba, bai ɗauko ɗabi'ar mutanen nan ba. Ya ce, «Inna, ki riƙa cin abinci.» Na ce to.

Lahadi, 1 ga Afrilu

Mai takaba ba fita, tele kuma ba abin kallo sai tsiraici. Sai bango. Na iya karanta faransancin da ta rubuta ƙarƙashin sunayen, abin da na koya a kwaleji bai tafi ba.

Miji uku matar nan ta yi. Ubanta ya ba ta ƙauye guda da injin niƙa na ruwa ranar aurenta na fari. Mijin ya mutu, aka ba ta kashi ɗaya cikin uku na ƙasarsa ta ci har ƙarshen ranta, haka al'adarsu. Na biyu ma haka. Na uku ma. Kowane kabari ta dawo da gona. Daga baya har sarkinsu ta roƙa kada a sake aurar da ita.

Abin da ya fi muni, ɗanta na fari ya girma ya ƙwace injin da dajin da ke kusa, ita kuma ta kai shi ƙara. Uwa ta tsaya gaban alƙali da ɗan da ta haifa, a kan itace da niƙa. Na ce wa Hamdiya ba tarbiyya ta kowane gefe, kuma abin da ke faruwa ke nan in mace ta sa duniya gaba. Ta ce, «Oui, Inna,» ba ta ɗaga kai daga na'urarta ba.

Alhamis, 12 ga Afrilu

Ɗan Juma ƙanen Malam ya kira daga gida. Doguwar gaisuwa, ya ya haƙuri, ya ya sanyi. Sannan ya ce za a raba gado ƙarshen Mayu, kafin ruwa ya sauka. Gidan birni, da shanun da ke wurin Fulani, da garkar Mirriya.

Na ce garka ba ta ciki, Malam ya ba ni.

Ya ce, «Hajiya, ba wanda ya musa ya faɗa, ina wurin. Amma malamai sun ce kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu, ta koma gado. Yaushe kika taɓa riƙe makullin garkar nan?»

Ban taɓa ba. Ɗan Juma ke riƙe da shi, shi ke kula da ma'aikata. Matar wa ba ta miƙa wa ƙanen miji hannu ta ce ba ni makulli, da wane ido.

Shekarar da muka dawo hajji ne. Bayan la'asar, ƙarƙashin mangwaro, gaban abokansa, Malam ya ce garkar nan ta uwar Salihu ce daga yau. Dabino, mangwaro, lemun tsami, rijiya biyu, da ɗan ɗaki na ƙasa a kusurwa. Na ce Allah ya saka da alheri, na koma wurin mata. Mutum ne da bai iya magana mai taushi ba. Duk zamanmu ita ce kaɗai abin da ya kira nawa da bakinsa.

Ba ni fita kafin Yuli. Salihu zai je a madadina.

Jumma'a, 13 ga Afrilu

Na faɗa wa Salihu. Ya ce, «Inna, a bar wa malamai, abin da shari'a ta ce shi ke nan.» Kuma wai ba a ba shi hutu yanzu.

Litinin, 16 ga Afrilu

Hamdiya ta yi waya da ɗiyar Ɗan Juma, ta fito daga ɗaki fuska a ɗaure. Sai da na matsa ta faɗa. In garka ta shiga gado, Salihu ne mai babban rabo, kuma ya riga ya yi wa Ɗan Juma alkawarin sayar masa. Maganar karɓa da rashin karɓa ma ba daga Ɗan Juma ta fito ba. Salihu ne ya je ya tambayo wani malami a Paris.

Na tashi na yi azahar. Na ninke kayan wanki. Safa ɗaya ta ɓata.

Alhamis, 19 ga Afrilu

Ba abin rubutawa.

Lahadi, 22 ga Afrilu

Ina yanka albasa Hamdiya ta zo ta zauna kan kujerar kicin, ta ce in ba ta kunne minti kaɗan, ko da a kan Idoniya ne. Na ce bakinki ne.

Wai da aka je shari'ar, ɗan ya ce ƙauyen kakansa ne, uwarsa ba ta taɓa riƙe shi da hannunta ba, mazanta ne suka riƙe. Alƙalai ba su tsaya kan wa ya ce me ba. Suka tara dattawan wurin suka rantsar da su: wa kuka gani yana yin abin da mai abu kaɗai ke yi? Wa ke sa a sare itace? Wa ya ɗauki mai kula da injin? Dattawa suka ce ita ce, har ta taɓa sa a rushe shingen da maƙwabci ya shigo da shi. Ta ci shari'a.

Ta ce, «Ke fa, Inna? Me kika taɓa yi a garkar?»

Na ce ba komai. Ana kawo mini dabino in raba.

«Kin taɓa sa a dasa wani abu? Kin sa a yashe rijiya?»

A'a.

«Kin taɓa hana wani abu? Ke kam ba a rasa abin da kika hana.»

Na ce ta iya bakinta. Amma wuƙar ta tsaya a hannuna, don na tuna Youssouf.

Shi ne mai ban ruwa lokacin. Shekara ta biyu bayan kyautar na kai baƙi su ga garka, na tarar da shi da abokansa sun baje tabarma suna karta, ana kiran la'asar, albasa tana bushewa a fangali. Nan take na ce ya tattara ya bar mini garka. Ya bi Malam har birni yana roƙo. Malam ya ce masa, gaban mutanen zaure, «Mai garka ta kore ka, ni ba ni da ta cewa.» Ɗan Juma ma ya roƙa, na ƙi. Da kaina na sa aka kawo wani.

Hamdiya ta ajiye kofinta. Ta ce, «Voilà. Karɓar ke nan. Sai a samo Youssouf ya faɗa.»

Na ce Allah ya sawwaƙe in roƙi ɗan karta.

Laraba, 25 ga Afrilu

Ta kira limamin nan ta tambaye shi, ba da izinina ba. Ya ce maganar tana da ƙarfi in akwai shaidu. Ta kuma samo lambar Youssouf, ta rubuta babba ta manna a jikin firji. Wai yanzu albasa yake sayarwa a kasuwar birni.

Duk lokacin da zan ɗauko madara sai na gan ta.

Laraba, 2 ga Mayu

Na kira.

Ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, har muryarsa ta yi rawa da ya ambaci Malam. Sai da aka gama ya ce, «Hajiya mai garka. Yau kuma daga ina za a kore ni?»

Na faɗi abin da ke tafe da ni, ban yi kwana-kwana ba. Ya yi dariya har da tari.

«Wato in je gaban malamai in rantse kin kore ni.»

Na ce gaskiya kawai za ka faɗa.

«Ai wannan gaskiyar na daɗe ina faɗinta kyauta a kasuwa, Hajiya. Har takalmina kika sa yaro ya jefo mini ta kan shinge. Amma in gaya miki tun da wuri, har yau ina taɓa karta. Ke da bakinki kika ce ni fasiƙi ne, Ɗan Juma yana tsaye. In ya ce ba a karɓar shaidar fasiƙi fa?»



Ya ce, «Bari in taimake ki. Mu huɗu ne a tabarmar nan. Ɗaya ya rasu. Ɗaya yanzu shi ne ladanin unguwarsu, ɗayan kuma Alhaji ne, har da gemu. Sai dai za su ji kunya a tuna musu inda suke zaune ranar.»

Na ce kunyarsu ce, su suka zauna. Ya ce, «Ba ki sake ba, Hajiya.» Ya ce zai kawo su, albarkacin Malam.

Ban ce na yi kuskure ba, ban kuwa yi ba. Karta karta ce, ko ba kuɗi a tabarma.

Lahadi, 6 ga Mayu

Saura wanda zai tsaya a madadina. Ƙanena yana Agadas ba lafiya. Hamdiya ta ce ita za ta je.

Na ce mace, marar aure, gaban malamai da baffanta, kuma a kan wanta. Ta ce, «To wa?» Akwai tafiyar da aka shirya mata zuwa Landan wannan watan, ta duba wasu tsofaffin takardun shari'a, ta jima tana jiran a ba ta. Na ji ta a waya tana ba malamarta haƙuri.

Na ce ta sa mayafi babba, ta durƙusa in za ta gaida Ɗan Juma, kada ta sa masa faransanci, kada ta kalli malamai cikin ido. Ta ce, «Sai me kuma?» Na ce shi ke nan.

A ƙasa ana ta busa hon ɗin motoci, wai an yi zaɓe.

Jumma'a, 11 ga Mayu

Salihu ya kira. Lafiya, lafiya, ya ya ƙafa. Ya ce ya ji Hamdiya za ta gida. Na ce e. Ya ce, «Inna, da kin bari.» Na ce da ka bari. Muka yi sallama.

Wato ni ma na kai ɗana ƙara ke nan. Na rubuta, na duba rubutun. Kamar labarin wata.

Asabar, 19 ga Mayu

Ta tafi. Fatou, maƙwabciya 'yar Tawa, tana kawo burodi da safe ta zauna ta yi surutu. Ba ta rufe kai da kyau, amma tana zuwa.

Laraba, 23 ga Mayu

Ni kaɗai da matar bango. Na bi layukan da yatsa. 'Ya'ya shida ta haifa, huɗu an sa musu ɗan gicciye tun suna ƙanana. 'Yarta ta auri ɗan mutumin da ya yi iyaka da dajinta. Ƙanwarta an kai ta gidan mata masu ibada da gona ɗaya. Kowa a bangon nan an ɗaura shi da wani ta ƙasa. Ba inda aka rubuta ko ta yi kuka, ko wane miji ta fi so, ko tana iya barci.

Ni ma biyu na rufe kafin Salihu. Ba na yawan tunawa.

Litinin, 28 ga Mayu

An zauna yau a zauren Ɗan Juma. Hamdiya ta kira da yamma, murya a dishe.

Youssouf ya zo da babbar riga, da ladan da Alhajin a bayansa suna sunkuyar da kai. Wai sai da malamai suka tsayar da shi, don ya kwaikwayi muryata da tafiyata, har da takalmin. Ɗan Juma ya kawo maganar fasiƙanci. Ladan ya ce shi ma yana tabarmar, in za a ƙi shaidarsa sai a sake sallolin da aka yi da kiransa. Wani tsoho da ke zauren Malam ranar da Youssouf ya je roƙo ya maimaita abin da Malam ya ce. Malamai suka ce wadda ta kori ma'aikaci ta ɗauki wani, mai kyauta yana raye ya sallama, ta karɓa. Garka ba ta cikin gado.

Ɗan Juma ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye kan tabarma, bai miƙa mata a hannu ba. Ta ce ta durƙusa ta ɗauka.

Ta ce, «Inna, kin ji? Taki ce.» Na ce na ji, Allah ya yi albarka. Ta jira ko zan ƙara wani abu.

Na zauna bakin gado. Na ɗauka zan ji wani abu.

Jumma'a, 1 ga Yuni

Bai kira ba.

Jumma'a, 8 ga Yuni

Haka.

Talata, 12 ga Yuni

Ta dawo, ta yi baƙi ta rame. Ta ce shingen gabas ya faɗi, awaki suna shiga. Makullin yana cikin jakata, ƙarami ne, da zare shuɗi. Ta koma kan na'urarta tun ba ta huta ba. Landan sai baɗi, digirin ma ya ja baya. Ba ta faɗa mini ba, Fatou ce ta faɗa.

Na dafa mata tuwo da kuka. Ta ci ta ƙara.

Lahadi, 24 ga Yuni

Na tambaye ta, ba don komai ba, yaya matar nan ta ƙare da ɗanta.

Ta ce ba a sani sosai ba. Shekaru bayan shari'ar Idoniya ta yi sadaka da wata fadama, kuma cikin waɗanda suka shaida akwai sunansa.

Na ce ke nan sun shirya.

Ta ce, «Ke nan sun tsaya ɗaki ɗaya rana ɗaya. Ba a rubuta wanda ya je wurin wani ba.»

Na ce wannan ai ba sai an rubuta ba. Ɗa ne ke zuwa wurin uwa. Tun da aka kafa duniya haka ne, har a Ingila.

Alhamis, 5 ga Yuli

Na fita takaba. Wanka, kitso, sabon zane. Fatou ta soya fanke muka kai masallaci. Mun je maƙabarta, ciyawa ta fito a kansa, an aske ta daidai. Na yi addu'a. Takalmi ya matse ni, ƙafa ta manta shi.

Lahadi, 8 ga Yuli

Jiya na je Paris. Tsaraba na je nema, a can ta fi araha, kowa ya sani. Hamdiya ta sa ni jirgin ƙasa, ta rubuta mini metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mai lamba bakwai da sunan titin a bayan tikiti.

Tunda na je unguwar, sai na tambayi inda buron Salihu yake. Duk hanyar daga Lyon na shirya abin da zan faɗa masa, daga haƙƙin uwa har amanar mamaci, da ayoyinsa.

Ba buro. Wani dogon sito ne na takalma, ƙofa a buɗe, manyan motoci suna ja da baya. Wani Basine ya ƙwala masa kira da sunan da ba nasa ba. Ya fito yana tura kwalaye a amalanke, ya ɗaure ƙugu da faffaɗan bel irin na masu ciwon baya. Ya yi furfura a gefen kunne. Ban san yaushe ba.

Ya gan ni. Ya saki amalanken ya durƙusa nan kan siminti, gaban mutane, da ƙyar ya kai ƙasa. Ya ce, «Inna, ke da wa?» Na ce ni da ƙafata.

Ɗakinsu su huɗu ne, gado kan gado. Tukunya ɗaya, ba ta da murfi. Ya fara, «Inna, maganar garka, ni na so in kama ɗan shago ne, in daina…» Na ce ina kuke sayen kuɓewa a nan. Ya sauka ya sayo. Na dafa, suka ci su duka, wani ɗan Mali har da siɗe kwano.

Garkar ban ba shi ba, ba kuma zan ba shi ba. Na dai ce shingen gabas ya faɗi, in ya sami hutu. Ya ce to. Ya raka ni tasha yana ɗingishi, ya riƙe mini jaka.

Tsarabar ban saya ba, shaguna sun rufe. Wa'azin yana nan, ban manta ko kalma ɗaya ba. Miyar ce ta ci lokacin.